Shekarun Kyaftin Na'Allah

Bodinga,
14 ga Nuwamba, 1983.

Zuwa ga uwargidana Rahamatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinki, ina fatan kina lafiya, ke da mai sunan Inna da Amina. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Allah ya sa ba ki koma hawa bene da bokiti ba don famfon Ikeja ya ɗauke. Ni na sauka Sakkwato lafiya ranar Juma'a, na iso Bodinga kafin la'asar. Yaya Arzika da iyalinsa duk suna gaishe ki.

Rahamatu, ban gaya miki gaskiyar abin da ya kawo ni gida ba. Na ce miki kewar dangi ce. Ba ita ba ce, kunya ce ta hana ni faɗa miki ido da ido, shi ya sa na bari sai da na yi nisa.

Kin san tun da aka shiga tsuke bakin aljihun nan kamfaninmu ya ajiye jirage huɗu don babu kayan gyara. Matuƙa sun fi kujeru yawa. Sai manyan kamfani suka ce wa ƙungiyarmu ta matuƙa ta zaɓi ɗaya: ko a rage mutane daga ƙasan jeri, wato waɗanda suka shigo aiki daga baya, ko a sauko da shekarun ritaya daga hamsin da biyar zuwa hamsin, a rage daga sama. Jerin nan a wurinmu shi ne komai. Shi ke faɗin wanda zai zauna kujerar hagu ya zama kyaftin, da wanda zai zauna ta dama yana cewa to. Ni ne na huɗu a cikinsa. Shekara ashirin da biyu na yi ina hawa shi mataki mataki, ban taɓa tsallake kowa ba.

Aka kira taro ranar Asabar ɗin da na ce miki za ni wurin likita. Na shiga da tabbacin babu mai taɓa manya, don a saninmu ba a taɓa yi ba. Kin san wanda ya fara miƙewa? Kabiru. Kabirun Dandin Mahe, wanda ni na cike masa takardar shiga makarantar koyon tuƙi, wanda ya shekara biyu yana cin tuwonki yana cewa ba a iya miyar sure a Legas sai a gidanmu. Ya ce shekararsa tara a kujerar dama, furfura ta fara fito masa bai taɓa riƙe jirgi da sunansa ba, yanzu kuma ana so a kore shi don waɗanda suka ƙoshi su ƙara. Aka ce a ɗaga hannu. Sittin da uku suka ce hamsin, mu hamsin da ɗaya muka ce a'a. Na juya na ga hannunsa a sama, bai ko sunkuyar da kai ba. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ba ni ne na ga abin ba.

Takarduna sun ce an haife ni ran ɗaya ga Janairun 1934, ranar da aka liƙa wa duk 'yan zamaninmu. Ke nan saura mini kwana arba'in da takwas in sauka. Ƙofa ɗaya kawai aka bari: wanda ba shi da takardar haihuwa ta asibiti yana iya kawo takardar rantsuwar wani babba na gidansu daga kotu kafin ƙarshen Disamba, a gyara masa. Ni kuwa na san ban kai hamsin ba. Ina tuna ranar da aka kai mu elementare aka jera mu, aka ce kowa ya zagaya hannu ta bisa kai ya kamo kunnensa, don haka ake gane wanda ya isa boko. Kowa ya kamo, ni hannuna ko kusa bai kai ba, har yara suka yi ta dariya. Yaron da aka ce shekararsa takwas ba ya yin haka.

To na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Jiya na bi Yaya fadama, suna dashen albasa, na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ce abin da nake so kawai ya bi ni kotu ya rantse cewa ni Na'Allah an haife ni bayan 1934 da shekara uku ko huɗu. Ya ci gaba da jan jigo kamar bai ji ba. Da na maimaita sai ya ce, “Ba ni iya aza hannu ga Littafi in hwaɗi wagga magana.” Na ce ai gaskiya ce. Ya ce shi dai ba ya iyawa.

Mutumin da ban taɓa roƙon komai ya hana ni ba, Rahamatu. Na tsaya a bakin kwalbati kamar wanda aka mara. Zan sake gwada shi in ya huce, ko da yake ban san abin da ya ɓata masa rai ba.

Wannan takarda na ba wani abokin aikina da zai taso da jirgin gobe. Kada ki gaya wa yara komai tukuna.

Ni ne mijinki,
Na'Allah.

Bodinga,
18 ga Nuwamba, 1983.

Rahamatu,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kun tashi lafiya. Na samu taki jiya. Kin yi faɗa, kuma kina da gaskiya, na karɓa. Amma maganar da kika yi cewa Yaya hassada yake yi mini, ki janye ta. Ni ma ta zo mini a rai, na kore ta, yanzu kuma ban san abin da zan sa a gurbinta ba.

Sau biyu na sake tuntuɓarsa, amsar ɗaya ce. Kin san halina, in hanya ta rufe ba na kewaya gari ina ƙona mai, wata nake nema. Sai na tuna malamin hakimi na wancan zamani, wanda yake zaga ƙauyuka yana rubuta sunayen yaran da za a kai boko. Ya daɗe da rasuwa, amma ɗansa tela ne a bakin kasuwa, kuma akwatin ƙarfen tsohon yana nan a ƙarƙashin gadonsa. Muka zauna muka yi ta tone takardun da gara ta ci gefensu, har muka kai ga littafin 1942. Na ɗauka zan ga an rubuta biyar an mayar takwas.

Ga abin da na gani, na kwafe miki shi yadda yake. Suna, Na'Allah. Uba, Malam Sodangi. Gari, Kajiji. Shekara, takwas. Babu gyara, babu kankara. Sai layi na ƙarshe, inda ake rubuta alamar jiki don kada a musanya yaro: tabon ƙuna a damtsen hagu.

Ke kin san jikina. Likitocin kamfani ma sun san shi, duk wata shida sai sun tuɓe ni sun duba daga kai har ƙafa, kuma a fasfo ɗina wurin alama an rubuta babu. Ba ni da tabo a damtse, hagu ko dama. Telan ya ce wataƙila tsohon ya yi kuskure, yara da yawa ne. Na ce haka ne, na yi masa godiya na fito.

Amma ban iya komawa gida ba, fadama ƙafata ta kai ni. Yaya yana jan ruwa, ya tuɓe riga ya rataye a kan kara. Na tsaya daga nesa ina kallon hannunsa na hagu yana hawa yana sauka. Tabon yana nan, faɗinsa ya kai tafin hannu. Tun ina yaro nake ganinsa, Inna ta ce kunu ne ya zube masa yana rarrafe. Sau dubu na gan shi ban taɓa tunanin komai ba.

Ban yi masa magana ba. Ni da na sauke jirgi a Kano da inji ɗaya, fasinja tamanin a bayana, zuciyata ba ta buga kamar yau ba. Da na dawo na kasa cin abinci, matarsa ta ɗauka zazzaɓi ne ta dafa mini sabara.

Cikin manyanmu Goggo Altine kaɗai ta rage, ƙanwar Baba, tana Shagari wurin jikokinta. Gobe da safe zan shiga motar Yabo in je. Ki yi mini addu'a, ban san me nake roƙo ba, amma ki yi.

Naki,
Na'Allah.

Shagari,
21 ga Nuwamba, 1983.

Zuwa ga Rahamatu,

Ina gaishe ki, ina gaida yara, Allah ya sa kuna lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma ki karanta ke kaɗai.

Goggo ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, amma hankalinta garau. Ta gane muryata tun daga zaure. Na yi yini guda ina kewaye-kewaye, ita kuma tana tambayata ko gaskiya ne a cikin jirgi akwai makewayi. Sai jiya bayan azahar na ce mata na ga littafin malamin hakimi. Ta ce, “Ashe dai ranar ta zo. Sunan da kaka amsawa na Yayanka na. Kai anka haihwa bayanai da damana uku.”

Ga yadda abin ya faru. Lokacin muna Kajiji, malamin hakimi ya zo ya rubuta babban ɗan Baba, Na'Allah, mai shekara takwas. Baba ya ce ba zai ba boko ɗan da ya fara riƙe hauya ya kuma kai izu biyar ba. Ƙin bayarwa kuma a wancan zamani ɗauri ne. Da dogari ya zo ɗaukar yara bayan wata biyu, sai Baba ya miƙa masa ƙaramin, Arzika, ɗan shekara biyar, ya ce ga Na'Allah nan. Dogari kai yake ƙirgawa, ba ya karatu. Babban kuma aka kawo shi nan Shagari wurin Goggo aka ɓoye shi shekara biyu. Don kada asiri ya tonu Baba ya kafa doka a gida, kowa ya juya kira, har sunan yanka. Da yaron ya koma, mun riga mun tashi daga Kajiji mun dawo Bodinga inda ba a san mu ba, shi ke nan ya zama Arzika.

Rahamatu, ni ne Arzika. Na rubuta na tsaya ina kallon kalmar kamar ba hannuna ya yi ta ba.

Tun jiya abubuwa suke ta dawo mini. Na tuna wani hutu da na zo gida, wani ya ƙwala kiran Arzika daga waje na amsa, Baba ya zane ni da tsumagiya har na yi fitsari. Duk rayuwata na ɗauka don na yi rashin kunya ne na amsa sunan babba. Na tuna Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kullum sai ta ce ɗan boko. Na ɗauka alkunya ce, alhali ni ba ɗan fari ba ne, me zai sa ta yi mini alkunya?

Na tambayi Goggo ko shi Yaya ya so zuwa. Ta ce kwana bakwai ya yi yana kuka a wannan ɗakin da nake zaune ciki. Wai malamin hakimi ya ba shi alƙalaminsa ya riƙe ranar da ya rubuta shi, ya ce masa zai zama malami. Ta ce har ya bar Shagari yana zana layuka a ƙasa da tsinke, yana cewa boko yake yi.

Yanzu na gane abin da ya hana shi rantsuwa. Na ce ya rantse an haifi Na'Allah a 1937, shi kuwa ya fi kowa sanin ranar da aka haifi Na'Allah. Kuma ki dubi inda na tsaya. Gaskiya ne shekarata arba'in da shida, ina da sauran shekara uku cur a kujerata. Amma in na kai wannan gaskiyar gaban ƙungiya, to na faɗa da bakina cewa takardar midil, da fasfo, da lasin tuƙin da na samo a Ingila, duk na wani manomin albasa ne. Ranar za su karɓe lasin, ba ma sai Janairu ba. Gaskiyar da za ta rage mini shekaru ita ce za ta sauke ni.

Har limamin unguwar su Goggo na je na tambaya game da aurenmu, tun da da wancan sunan aka ɗaura. Ya yi murmushi ya ce mutum aka ba mata, ba suna ba. Don haka kada ki fara haɗa kaya, kina nan daram. Yaran dai sunan baffansu suke amsawa a makaranta, wannan ban san yadda zan gaya musu ba.

Goggo ta ce in gaishe ki, ta ce zanen da kika aiko mata bara ya yi mata kauri. Gobe zan koma Bodinga. Ban san da wane ido zan dube shi ba.

Mijinki,
Na'Allah.

Bodinga,
7 ga Disamba, 1983.

Uwargidana Rahamatu,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya ke da yara, ki yafe mini shirun mako biyu. Takardunki uku duk sun iso. Na ga kin ce ko Arzika ne ko Na'Allah in dai dawo miki da ƙafafuna, na gode, ita kaɗai ta sa na yi dariya a kwanakin nan.

Da na dawo daga Shagari ban ce masa komai ba, shi ma bai tambaya ba, amma ya sani. Kwana goma muna gaisawa muna cin tuwo a kwano ɗaya kamar baƙin juna. Na so in ba shi haƙuri na rasa ta inda zan fara. Me zan ce? In ce ya yi haƙuri na cinye masa shekara arba'in da ɗaya?

Ana cikin haka takardar Kabiru ta zo. Na ɗauka zan yaga ta, sai na karanta. Ya ce bai yi nadamar hannun da ya ɗaga ba, don mutum talatin da ɗaya ne za a kora daga ƙasa, wasu matansu na da ciki. Amma ya ce ya san ban kai hamsin ba, kowa ya sani, in hanzarta in kawo takardar rantsuwar, shi da kansa zai tsaya a kwamiti har a karɓa. Ban yafe masa ba tukuna, amma na daina cewa butulu ne.

Kuskuren da na yi, na karanta ta a zaure da ƙarfi, Yaya yana gefe yana gyaran igiyar guga. Shekaranjiya da safe sai na fito na same shi ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Idi, ya yi alwala. Ya ce in tashi mu tafi kotu. Na ce ai na san komai, Goggo ta gaya mini. Ya ce ya san na sani, in tashi mu tafi.

Zan gaya miki gaskiya ko da za ki raina ni: na bi shi. Duk hanya ina gaya wa kaina shekarun ai nawa ne, ba na kowa na sata ba, suna kawai ne ya karkace. Magatakardan kotu ya buga takardar a tafireta, ya karanta a fili cewa shi Arzika ɗan Sodangi ya shaida an haifi ƙanensa Na'Allah a shekarar 1937. Aka ɗauko Alƙur'ani a cikin gafaka aka ajiye gabansa. Mutumin nan tun da nake ban taɓa jin ya yi ƙarya ko a cinikin albasa ba. Na ga ya miƙa hannu, leɓensa yana motsi, ina jin istigfari yake yi tun kafin ya aikata. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na riƙe masa hannu, na ce wa alƙali Allah ya gafarta malam, na janye. Na karɓi takardar na ninke na sa aljihu.

Na ɗauka in mun fito zai ji sanyi a ransa. Rahamatu, ban taɓa ganin fushinsa irin na ranar ba. Bai bari mun kai gida ba, a gindin wata bishiyar bedi ya tsaya ya juyo. Na yi zaton yau zai amayar da abin da ya haɗiye tun yana ɗan shekara takwas, na ma shirya in ji. Ba shi ya faɗa ba. Cewa ya yi, wa ya aike ni? Ya ce zunubin ai nasa ne, shi ya ɗauka, shi da Ubangijinsa. Ya ce tun ranar da aka fara kiran Kyaftin Na'Allah, duk jirgin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta kan fadama sai ya saki jigo ya ɗaga kai har ya ɓace. Ya ce, “Ni ban tai ko'ina ba, ko Kaduna ban sani ba. Sunana na ka tahiya Makka da Ingila. Shi ɗai gare ni cikin abin ga duka, kai kuma ka sauko min da shi tun lokaci bai yi ba.”

Ni duk tsawon kwanakin nan ina ganin kujerata ce nake ƙoƙarin ceto, ban san akwai wani a zaune a cikinta tare da ni ba. Ya ce mu koma, har yanzu alƙali bai tashi ba. Na ce ba zan koma ba. Ko yanzu da nake rubutu ban tabbata wanne ne cikin biyun ya fi cutar da shi ba, amma ba zan iya tashi sama da rantsuwar nan a ƙarƙashina ba.

Don haka ki gaya wa yara Babansu zai yi ritaya ƙarshen wata. Zan iso ranar Lahadi, ina da sauran tashi shida a jadawali, zan yi su. Ki aika wa Kabiru cewa na samu takardarsa, babu abin da zan kawo wa kwamiti, kada ya tambaye ni dalili.

Tun shekaranjiya Yaya bai yi mini magana ba. Yau da safe na bi shi fadama, na naɗe wando na shiga kwalbati ina buɗe wa albasa ruwa, bai hana ni ba, bai kuma dube ni ba. Wajen ƙarfe goma jirgin Legas ya taso ya bi ta kanmu, ƙasa-ƙasa, har ina iya ganin ƙafafunsa suna shigewa. Ni na ɗaga kai. Shi ya ci gaba da jan ruwa.

Ki gaida mai sunan Inna da Amina. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne mijinki,
Na'Allah.